Gidan Al'adun Kanak a Numeya: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ke Masa Yoyo

A kudancin tekun Pasifik, gabas da Ostiraliya, akwai wata ƙasa ta tsibirai da ake kira Sabuwar Kaledoniya. Faransa ta kafa tutarta a can a shekara ta 1853. Ƴan asalin ƙasar, wato Kanak, an raba su da gonakin kakanninsu, har ma a 1931 aka kwashi waɗansunsu zuwa Paris don jama'a su yi kallo.

Bayan tashin hankali mai tsanani, jagoran masu neman mulkin kai, Jean-Marie Tjibaou, ya sa hannu kan yarjejeniyar Matignon a 1988. Aka kashe shi a watan Mayu na 1989. Daga nan ne hukumomin Faransa suka amince a gina gidan al'adun Kanak da sunansa a Numeya, babban birnin ƙasar. A 1991 aka ba da aikin ga Renzo Piano, wani gwanin tsara gine-gine ɗan Italiya.

To, ga inda wuyar take. In ya kafa gini irin na Turai, Kanak ba za su ga kansu a ciki ba. In kuwa ya kwaikwayi ɗakin gargajiya tsaf, ya sake mai da su abin kallo. Saboda haka bai tsaya kan iliminsa shi kaɗai ba. Ya zauna da matar marigayin, Marie-Claude Tjibaou, da ma'aikatan hukumar raya al'adun Kanak, ya kuma ɗauki Alban Bensa, masanin al'adunsu, ya zama mai ba shi shawara.

Babban ɗakin Kanak zagayayye ne, mai dogon jinka da ginshiƙi a tsakiya, kuma shi ne alamar sarki da haɗin kan dangi. Daga siffarsa aka fitar da ɗakuna 10, aka jera su rukuni 3 kamar ƙauyuka, mafi tsawonsu metir 28. An yi haƙarƙarinsu da katakon iroko na Afirka, wanda Hausawa ke kira loko, domin ba ya saurin ruɓa, gara kuma ba ta cin sa. Bangon ninki biyu ne, da tagogi masu buɗewa da rufewa gwargwadon ƙarfin iskar teku: iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, mai zafi ta fita ta sama.

Wanda ya hango ɗakunan daga nesa sai ya ce magina sun tashi ba su gama ba, don ba a haɗe kawunansu ba. Da gangan aka bar su haka. Tjibaou ya riƙa koyar da cewa al'adar jama'arsa ba ta ƙare a jiya ba, ana nan ana gina ta.

Hannun Kanak ya fi fitowa fili a wajen ginin. A wurinsu gida bai cika ba sai da ƙasa da tsirran da ke kewaye da shi. Don haka aka shimfiɗa wata hanya mai lanƙwasa tsakanin doya da gwaza da dogayen itatuwa, kowane tsiro da ma'anarsa, tana ba da labarin Téâ Kanaké, mutumin farko a tarihinsu na baka.

An yi bikin buɗe gidan ranar 4 ga Mayu 1998, kashegari aka sa hannu kan yarjejeniyar Numeya. Ginin bai kashe maganar mulkin kai ba: an jefa ƙuri'ar raba gardama a 2018 da 2020 da 2021, rikici kuma ya sake ɓarkewa a 2024. Amma jama'ar da aka taɓa kai wa kasuwar kallo ta samu zauren da za ta karɓi baƙo, ta faɗi labarinta da bakinta.