Akurki Ya Fi Bindigar Toka Riba a Bakin Dajin Rugu

Da zarar an kai gero da dawa rumbu, sai samarin ƙauyukan bakin Dajin Rugu su fara gyaran gora da kiran karnuka, lokacin farauta ya yi. Daga Ruma da Wagini a ƙasar Batsari har Runka da Babban Duhu a ƙasar Safana, al'ada ce da aka gada. Sai dai dajin ba na jiya ba ne. Barewa da gada sun zama labarin dattawa. Yau a wuni ana ratsa ƙaya, a dawo da kurege, ko gafiya, ko zomo guda.

Mu muka jawo. An sare itatuwa don gawayi, ana cinna wa daji wuta don a kori ɓera, ana kashe mai ciki da mai shayarwa. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa tun 1963, da ta tarayya ta 1985 wadda aka tsaurara hukuncinta a 2016. Amma abin tsoron ya wuce kotu. Wanda ya shiga Rugu da bindigar toka, ɓarayin daji su ɗauke shi ɗan banga, jami'an tsaro su ɗauke shi ɓarawo. In ɓarayin suka kama shi, kuɗin fansa sai an sayar da gona. Zomo nawa ne zai biya wannan? Ga zazzaɓin Lassa da ɓeraye ke yaɗawa, mai fiɗarsu kuwa shi ne a gaba.

Naman da ake nema a daji ana iya samar da shi a tsakar gida. Kazar Hausa tana kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, kuma takan yi haka kamar sau uku a shekara. Da damina, in zabi suka fara ƙwai, a sa wa kaza ta kwanta a kai, cikin kwana 26 zuwa 28 ga 'yan zabi. Abincinsu dusa, tsaki, gara da ganyen zogale. Mai ɗan jari yana iya gwada Noiler, masu saurin girma da jure kiwon sake, ko ShikaBrown masu ƙwai, waɗanda cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta samar. Ga wani amfanin da mutanen yankin suka fi kowa sani: garken shanu ke jawo hari, kaji kuwa ko gudun hijira ya kama a zuba su a kwando a wuce.

Inda gizo ke saƙa shi ne hunturu. Daidai lokacin da ake ɗokin fita farauta, lokacin ne cutar fakat ke share akurki: farin kashi, murɗewar wuya, a wayi gari kaji a zube. Shi ke sa mutum ya ce kiwon kaji asara ce, ya koma daji. Kafso ja-da-yalo da barkono a ruwa ba sa maganinta, domin ƙwayar cutar ba ta jin irin waɗannan magunguna. Rigakafi ne kaɗai mafita. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana yin rigakafin I-2 mai jure zafi, ɗigo ɗaya a idon kowace kaza, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba guda tana isar kajin gidaje da dama, don haka maƙwabta su haɗa kuɗi su nemi malamin dabbobi.

Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin na gida. Wadda ta mutu a binne ta. In mutuwar ta yi yawa farat ɗaya a kai rahoto, don murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a ƙasar nan a Jaji a 2006 tana dawowa jefi-jefi. 'Yan tsaki kuma a kife su a kwando da rana saboda shirwa, dare ya yi a rufe akurki saboda muzuru.

Sarakunan dawa da shugabannin mafarauta suna da bakin da samari ke ji. Da su, da fadar Sarkin Ruma a Batsari da ta Yariman Katsina a Safana, ya kamata a tsayar da ranar rigakafi a kowane ƙauye cikin watan Oktoba, tun kafin iskar hunturu ta taso.