Yadda Ake Tantance Kifayen Ƙarƙashin Ƙasa na Indiya

A rijiyoyin jihar Kerala ta Indiya ana samun wasu siraran kifaye jajaye masu siffar maciji, makafi, waɗanda ke rayuwa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kamanninsu kusan ɗaya ne, don haka ido kaɗai ba ya bambanta su.

Masana kan ɗauki hoton ƙwarangwal ɗinsu da na'urar CT, su ƙirga gaɓoɓin ƙashin baya, su duba ƙasusuwan kai da na sashen numfashi. Daga nan sai su kwatanta ƙwayoyin halittar gado domin gano kusancin dangantaka.

Da wannan bincike ne a 2020 aka cire su daga rukunin Monopterus, aka kafa musu sabon rukuni, Rakthamichthys.