Alherin da ke wuce mai shi: gidauniyoyin iyali da matasan bakin iyaka

Wanda bai san Kamba ba, da ya ji an ce garin bakin iyaka ne sai ya ɗauka kowa a cikinsa mai kuɗi ne. Akwai kasuwa kam, akwai kuma masu hali. Kamba ce hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi a Jihar Kebbi, Gaya ta Nijar na nan kusa da ita, kuma daga Gaya in ka haye gada ka shiga Malanbil ta ƙasar Benin. Ta kudu ga ƙasar Bagudo, da Illo da Lolo da Ka'oje, har Tsamiya da ke fuskantar Segbana. Kogin Kwara ta wannan yanki yake shigowa Najeriya. Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa duk ruwa ɗaya muke sha, auratayya kuma ta haɗa mu da dangi a ƙasashe uku.

Sai dai arzikin iyaka ba a hannun mazauna iyaka yake ba. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamba na shekarar aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, wato har da manomin rani da ke neman galan ɗaya don injin ban-ruwansa. Damina ta 2020 ta zo da ambaliyar da ta cinye shinkafar fadama. Mashigar Kamba ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris na 2024. Duk lokacin da aka ja ƙofar nan, waɗanda ke fara ji a jika su ne ɗan kabu-kabu, da ɗan dako, da mai canjin sefa a bakin tasha, da yarinyar da ke tallan abinci ga direbobi. Na daɗe ina koyarwa a makarantun wannan yanki, kuma da yawa daga cikinsu sun zauna a gabana a aji. Ba ragwaye ba ne. Sana'arsu ce ta rataya a kan hukuncin da ake yankewa a Abuja da Yamai.

A irin wannan wuri ne nake so mu duba abin da gidauniyar iyali ke iya yi. Bayarwa ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Kowane gari na da gidan da ake ɗora babbar tukunya da azumi, da Alhajin da ke biya wa marayu ɗinkin Sallah, da Hajiyar da ke yi wa 'yar maƙwabta kayan ɗaki ba tare da kowa ya ji ba. Abin da gidauniya ta ƙara a kan wannan shi ne tsari. Iyali su ware wata dukiya, su rubuta abin da za a yi da ita, su naɗa amintattu, su yi rajista a hukumar CAC, su buɗe asusun da ba na aljihun maigida ba, su riƙa rubuta shiga da fita. Amfanin tsarin kuwa ɗaya ne: taimakon ba zai dogara da lafiyar mutum ɗaya ko kasuwarsa ta bana ba.

Misali mafi kusa da mu a Kebbi shi ne gidauniyar MALLPAI, wadda Hajiya Aisha Atiku Bagudu ta kafa a 2009 domin yaƙi da jahilci a tsakanin marasa galihu da almajirai. Ta karkata ga rukuni biyu da makarantar gwamnati ke yawan tsallakewa, wato almajirin tsangaya da ɗan makiyayi a ruga, tana haɗa musu karatu da rubutu da koyon sana'a. Zaɓin nan ya dace da ƙasar Dandi da Bagudo, inda za ka ga yaro ya sauke Alƙur'ani amma ba ya iya karanta takardar asibiti, ko ka ga ruga mai cike da yara wadda firamare mafi kusa da ita sai an yi tafiyar hantsi. Daga gida ɗaya kuma akwai gidauniyar Medicaid ta yaƙi da cutar daji, wadda Dakta Zainab Shinkafi Bagudu ta kafa, mai wayar da kai da gwajin sankarar mama da ta bakin mahaifa. Mace a ƙauye takan ɓoye ƙullutu a ƙirjinta har sai ya fashe, don kunya da tsoron kuɗin asibiti. Wanda ya kawo mata gwaji kusa da gida, a hannun ma'aikaciya mace, ya yi mata babban gata.

A matakin ƙasa, babbar gidauniyar iyali ita ce ta Aliko Ɗangote, wadda aka kafa a 1994, ya kuma ware mata dala biliyan 1.25 a 2014. Mutane sun fi saninta da rabon abinci, kamar buhunan shinkafa miliyan ɗaya masu kilo 10 da ta ware wa ƙananan hukumomi 774 da azumin 2024. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne aikinta na rigakafi. Tun daga 2012 ta shiga yarjejeniya da gwamnatin Kano da gidauniyar Bill da Melinda Gates, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu jihohin Arewa har da Sakkwato. An tsara cewa kason gidauniyoyin zai riƙa raguwa, na jiha yana ƙaruwa, har jiha ta ɗauki nauyin da kanta. A Agustan 2020 aka tabbatar da cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka, bayan ƙoƙarin hannaye da yawa. Darasin a nan ya fi ƙarfin batun allura: mai taimakon kirki tun ranar farko yake shirya yadda aikin zai tsaya ba shi.

To, yaya wannan ke kasancewa a ƙasa, a wurin da babu biliyoyi? Bari in ba da abin da na gani da idona. Akwai wani gida na 'yan kasuwar shinkafa da suka saba rabon atamfa da taliya duk shekara. Da mahaifinsu ya tsufa, 'ya'yan suka zauna suka ce a raba kuɗin gida biyu, rabi a ci gaba da rabon, rabi a kai yara koyon sana'a. Cikin yaran da aka kawo musu akwai wani maraya, tsohon ɗalibina, wanda kabu-kabu ya tsaya masa cak lokacin rufe iyaka. Babban ɗan gidan ya tambaye shi ko a ba shi jari. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce: “Baba, in kun ba ni kuɗi, gida za su cinye, don Inna ba ta da lafiya. Ku dai kai ni wurin mai gyaran injin ban-ruwa.”

Aka kai shi. Gidan ya biya ubangidan kuɗin koyarwa, ya ɗauki nauyin abincin ranar yaron, don almajirin sana'a mai jin yunwa ba ya daɗewa a rumfa. Suka kuma ɗauki maganin mahaifiyar, saboda sun gane in ba haka ba zai gudu ya koma neman na yau. Ranar yaye aka ba shi akwatin ƙarfe da sifana da filaya da 'yan kayan gyara. Yanzu da rani, tun da asuba ake buga masa waya daga fadama. Na taɓa tsayawa ina kallonsa a bakin wata gona: ya kwance fulogi ya goge, ya hura, ya mayar, sannan ya ɗebo ruwa a bokiti ya ɗura wa injin kafin ya ja igiya. Manomi ya san cewa inji ba ya jan ruwan ƙasa sai an fara zuba masa na hannu. Haka matashin karkara yake, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da aka kashe masa bai kai kuɗin rabon shekara ɗaya ba, ga shi kuma har ya ɗauki nasa yaron.

Haka abin yake a fannin karatu. Yaro mai ƙwaƙwalwa a ƙauye ba a ƙofar jami'a yake faɗuwa ba, tun kafin nan ake rasa shi. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma samunta na bukatar kuɗin mota zuwa gari, wani lokaci da sake komawa don gyaran suna ko ranar haihuwa. Jarrabawar da kwamfuta ake yin ta, alhali wani bai taɓa ɗora yatsa a kanta ba. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 na wanda ya riga ya samu gurbi ne. Saboda haka gidauniyar da ta biya kuɗin fom, ta yi hayar ɗaki da 'yan kwamfutoci don atisaye, ta kai yaran cibiyar jarrabawa ta dawo da su, ita ce ta buɗe musu hanyar Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko jami'ar jiha da ke Aliero, ko Kwalejin Waziri Umaru, ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Ga 'ya mace kuwa, sai an ƙara da zama da iyaye. Uba ba zai saki 'yarsa ba sai ya san inda za ta kwana da wanda zai tsaya mata. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu, domin Nana Asma'u 'yar Shehu ta isar da ilimi ga matan ƙauyuka ne ta hannun su jaji, dattijan matan da al'umma ta yarda da su. Gidauniyar da ke son 'yan mata su yi karatu, ta nemi irin waɗannan iyaye mata a kowace unguwa kafin ta nemi allo da benci.

Akwai kuma inda alheri ke lalacewa, kuma ya kamata a faɗa. Ka zaga ƙauyukanmu ka ƙirga rijiyoyin burtsatse da suka mutu, allon sunan mai bayarwa na tsaye, famfon ya yi tsatsa. Sau da yawa ba wata babbar matsala ba ce, 'yar roba ce ta cinye a ciki, ko wani ya sace farantin sola. An haƙa an tafi, ba a bar kowa da alhakin gyara ba. Inda na ga ruwa ya ɗore, an kafa kwamiti ne har da mata, tunda su da yara ke ɗiba, kowane gida na ba da ɗan abin da aka yanka a wata, an koya wa saurayi ɗaya gyara, Fulanin da ke shayar da dabbobi kuma an zauna da su an tsayar da lokaci da abin da za su bayar. Matsala ta biyu ita ce zaɓen masu amfana. In aka bar jerin sunaye a hannun mutum ɗaya, danginsa za su cika shi. Gara a haɗa mai unguwa da liman da shugaban makaranta da shugabar mata, a karanta sunayen a bainar jama'a. Ta uku ita ce siyasa. Talaka na lura da gidauniyar da ke bayyana in zaɓe ya matso ta ɓace bayan an rantsar. Ma'aunin kowace gidauniya, komai girman sunan mai ita, shi ne abin da take yi bayan mulki ya bar gidan. Ta huɗu ita ce hoto. A rubuta rahoto, a nuna aiki, amma kada a tsayar da maraya da buhu a ka a watsa fuskarsa a Facebook. Mutuncinsa ya fi abin da aka ba shi tsada.

Babbar jarrabawa kuwa ita ce ranar da mai gidauniya ya koma ga Allah. Magada na da hakkinsu, wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma sau da yawa alherin gida na ƙarewa ne da rabon gado. Addininmu ya daɗe da tanadar mafita, wato waƙafi. Mutum ya tsayar da asalin dukiya, ba a sayarwa, ba a gadonta, amfaninta kaɗai ake kashewa a kan abin da ya ambata. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, har yau kuma ana ambatonta. Malamanmu na Malikiyya sun yi sharaɗin a fitar da dukiyar daga hannun mai ita tun yana da rai da lafiya, don haka ba aikin da za a bari sai kan gadon asibiti ba ne. Maƙwabciyarmu Sakkwato na da hukumar zakka da waƙafi da za a iya koyon rubutu da tsari a wurinta.

Ga attajiran Kamba da Bagudo da Illo da Ka'oje, da 'ya'yanmu da ke aiki a Abuja da Legas da Kwatano, shawarata ba mai wuya ba ce. Ba sai kun jira kun zama Ɗangote ba. Shago biyu a kasuwa, ko gonar fadama ɗaya, ko injin casar shinkafa, in aka tsayar da shi waƙafi da shaidu da takarda, kuɗin hayarsa zai riƙa yaye 'yan yara a sana'a duk shekara, ya biya wa wasu jarrabawa, ya gyara famfon ƙauye. Ku sa 'ya'yanku maza da mata cikin amintattu tun yanzu, su koyi aikin a gabanku. Ku sa mutum ɗaya ko biyu daga wajen gida, waɗanda za su iya ce muku a'a. Ku zaɓi aiki ɗaya da ƙauyuka kaɗan ku riƙe su shekaru, maimakon ku taɓa ko'ina sama-sama. Sannan sau ɗaya a shekara ku tara jama'a ku karanta musu abin da ya shigo da abin da aka kashe. Wanda ya yi haka ya bar wa garinsu abin dogaro, ya bar wa 'ya'yansa tarbiyya, ya kuma aika wa kansa sadaka mai gudana. Allah Ya ba masu hali ikon farawa tun suna da ƙarfi.