Wutar Lantarki: Abin da Sokode da Dapaong Ke Jira

Sanin kowa ne cewa a Zangon Sokode ko kasuwar Dapaong, da zarar an ɗauke wuta sai sana'a ta tsaya cik. Mai walda ya ajiye ƙarfensa, injin niƙa ya yi shiru, ƙanƙarar mai sayar da ruwan sanyi ta narke a firji. A asibiti kuwa, allurar rigakafi da jinin da aka adana ba sa jure zafi, musamman a watannin Maris da Afrilu.

Tushen matsalar shi ne yawancin wutar da muke amfani da ita a arewacin Togo daga nesa take zuwa. Tun 1968 Togo da Benin suka kafa hukumar CEB domin sayo wuta daga madatsar ruwan Akosombo ta Ghana. Idan mai karatu bai manta ba, da ruwan madatsar ya ja baya a 1998, an yi watanni ana fama da duhu. Madatsar Nangbeto da aka buɗe a 1987 megawat 65 kawai take iya bayarwa, ita ma rabawa ake yi da Benin. A 2024 ma, ƙarancin iskar gas daga Najeriya ya sa kamfanin CEET ya riƙa raba wuta unguwa-unguwa.

Sai dai an fara ganin sauyi. A 2017 gwamnati ta ƙaddamar da shirin CIZO na sola ga ƙauyuka. A 2021 aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 50 a Blitta, kudu da Sokode. A 2022 kuma asusun Tinga ya fara aiki a yankunan Kara da Savanes, inda magidanci ke biyan sefa 1,000 a ja masa wuta, sauran ya biya sannu a hankali.

Amma jan waya zuwa gida daban, samun wuta a cikinta daban. Matashin da ya ci bashi ya buɗe shagon walda, idan man janareto ya cinye ribarsa, rufewa zai yi ya nufi Lome ko Kumasi neman aiki. Gwamnati ta yi alƙawarin wuta ga kowa nan da 2030. Muna kira ga mahukunta da su riƙa faɗa mana awa nawa wutar ke tsayawa a rana, domin da wannan ne tela da ɗalibi da unguwarzoma za su auna cikar alƙawarin.