Tattara Hankali Wuri Guda: Horon da Mai Juna Biyu Za Ta Fara Tun Kafin Naƙuda

A ɗakin haihuwa mun sha ganin mace ta zo da ƙarfinta, amma da zarar naƙuda ta kankama sai tsoro ya ɗauke mata hankali. Ana ce mata kada ta yi yunƙuri tukuna, ba ta ji. Sai ta yi ta yunƙuri tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, ta gaji kafin lokacin da ake bukatar ƙarfin nata. Wannan ba taurin kai ba ne, hankali ne ya watse. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi hankali, abin da aka saba masa shi yake bi. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya dabarun numfashi da natsuwa cikin hanyoyin rage raɗaɗin naƙuda ga mace mai lafiya. Ba sa kawar da ciwon gaba ɗaya, amma suna taimaka wa mace ta mallaki kanta, ta saurari ungozoma.

'Yar'uwa, ga yadda za ki fara. Ki ware lokaci guda kullum, misali bayan sallar Asuba. Ki ajiye waya nesa, ki zauna ki jingina ko ki kwanta a ɓangaren hagu. Ki shaƙi iska ta hanci kina ƙirga 4, ki fitar da ita ta baki a hankali kina ƙirga 6. Ki fara da minti 5, ki riƙa ƙarawa har minti 15. Tunaninki zai gudu zuwa cefane ko kuɗin makaranta. Kada ki ji haushi, ki dawo da shi kan numfashin. Wannan dawowar ita ce ainihin horon. A watannin ƙarshe, duk lokacin da ciki ya ɗaure ya saki, ki gwada. Idan kin ji jiri, ki dakata.

Sai dai a kula, ba kowane rashin natsuwa ne horo ke magancewa ba. Ƙarancin jini yana kawo kasala, bugun zuciya da mantuwa, don haka kada a yi wasa da maganin ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo. Goro da shayi da daddare suna hana barci, rashin barci kuwa yana dagula tunani. In kuma akwai matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi ko kumburin fuska, a garzayo asibiti nan take.

Allah Ya sauke ku lafiya.