Faɗan Dawaki Da Caca: Abin Da Falke Ya Kamata Ya Sani

A wajenmu doki abin hawa ne da ado. Mun san sukuwa, mun san kilisa, mun san hawan salla. Amma akwai ƙasashen da ake kiwon ingarma don a haɗa shi faɗa da ɗan'uwansa, jama'a su kewaye fili suna zuba kuɗi. Yau shi za mu duba, don akwai darasi a ciki ga duk mai cin abinci da dabba.

Inda aka fi sanin wannan wasa shi ne ƙauyukan nahiyar Asiya. A kudancin ƙasar Sin, cikin lardin Gwangshi, ƙabilar Miyawo ta gundumar Rongshuwi na yin sa lokacin bukukuwanta na shekara. A ƙasar Filifin ana yin sa a tsibirin Mindanawo. Haka nan a tsibirin Muna na ƙasar Indunusiya. Duk wuraren nan abin al'ada ce ta biki.

To yaya ake yi? Doki dai ba ya faɗa haka kawai, sai da dalili. Don haka sai a kawo goɗiya wadda ke neman namiji a tsayar da ita a fili. A jawo ingarma biyu, ba sirdi ba linzami, a bari su shinshine ta, sannan a sake su. Kishi ya motsa ke nan. Sai haniniya, sai su miƙe bisa ƙafafun baya, wannan ya kai cizo a wuya, wancan ya juya ya kai harbi. Wanda ya fara juya baya ya gudu shi aka kayar. Wanda ya ci kuma sai a sake haɗa shi da wani, har a fid da zakara.

A daji, in dawaki biyu suka yi faɗa kan goɗiya, mai rauni yakan ja da baya tun da wuri, magana ta ƙare. A fili kuwa mutane sun kewaye, kuɗi na ƙasa, ba mai son a raba da wuri. Shi ya sa ake fita da dawaki da yagaggen kunne, ko tsiyayyen ido, ko gurguwar ƙafa, wani ma ya mutu daga baya. A kan haka ne a 1998 gwamnatin Filifin ta yi dokar kare dabbobi wadda ta ambaci faɗan dawaki da suna ta hana shi, kuma a 2013 aka ƙara tsananta hukuncin. Duk da haka ba a daina ba a ƙauyukan nesa, saboda caca ta riga ta shiga ciki.

Ga inda abin ya shafe mu. Mu in za mu sayi dabba, haƙori muke dubawa, da ƙafa, da ƙiba, da abin da za ta yi a kasuwa ta gaba. Amma da zarar caca ta hau kan dabba, farashinta ya bar jikinta ya koma kan sa'a. Dokin da ya ci jiya kuɗinsa ya haura, in aka kayar da shi gobe ko rabin kuɗin ba mai tayawa, ga kuɗin magani. Dabbar da ke noma da ɗaukar kaya ta zama kamar katin karta.

Kada wani ya ce ai wannan labarin nesa ne. Duk wanda ke kai raguna Ikko gab da babbar salla ya san ana karon raguna a can, ana kuma sa kuɗi a kai. Da yawan ragunan nan daga hannunmu suke fitowa, daga Nijar da arewacin Najeriya. Ka sayar da ragonka, ka karɓi kuɗinka, cinikinka ya halatta. Haɗarin yana ga yaron da ya gama ciniki, kuɗi cike da lalita, ya tsaya kallo, wani ya ce masa, "Malam, ai kai ka san rago, zuba a kan wancan." Ya san rago, gaskiya ne, amma bai san abin da aka ƙulla kafin ya iso ba. Kuma kuɗin da ke jikinsa ba nasa ba ne, na maigida ne, da na makiyayin da ya ba da dabba bashi yana can yana jira. Garin neman gira sai a rasa ido.

Sana'armu a kan amana take tafiya. Shanu na ƙetare iyaka biyu ko uku ba takarda tsakanin mai su da mai kora, sai magana. Addini ya hana caca, kasuwa ma ba ta yafe wa mai yin ta, don ranar da aka ji falke ɗan caca ne, ranar ya daina samun bashi a kara.

Saboda haka iyayen gida, ku ja kunnen yaranku. In an gama ciniki a aika kuɗi gida tun kafin a fita yawon gari. Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, amin.