Kiɗan da kowa ya sani, ba a san mai shi ba

Duk wanda ya taɓa kwana a Zongon Lome yana jiran kaya su fito daga tashar jiragen ruwa, ya san yadda dare kan yi tsawo. A irin wannan lokaci ne mu ma'aikatan rediyo muke saka wani kiɗa mai sanyi, wanda babu waƙa a cikinsa, domin cike giɓi tsakanin shiri da shiri. Sau da yawa direbobi da fataken Nijar sukan ce mana sun san kiɗan tun suna yara, amma da mun tambayi sunan makaɗin sai a yi tsit.

To, mai wannan kiɗa dai shi ne Mamman Sani Abdullahi, mutumin Nijar da aka haifa a Accra. Yana aiki da hukumar UNESCO ne ya sayi wani fiyano mai aiki da lantarki, samfurin Orla ƙirar Italiya, a hannun wani ɗan Ruwanda. A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai ya naɗi kaset, inda ya juya karin waƙoƙin gargajiya na makiyayan Nijar zuwa sautin na'ura. Shekara guda ke nan bayan rushe tsohon Zongonmu na tsakiyar Lome a 1977, aka mai da jama'a Aguwe.

Kwafin da aka buga ba su da yawa, amma rediyo da talabijin na Nijar suka shafe shekaru suna saka kiɗan a tsakanin shirye-shirye, har ya zauna a kunnen kowa. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi, Turawa suka yi ta saye, har Mamman Sani ya je Turai yin wasa. Bayansa wani matashin Yamai mai suna Hama ya bi sahu, kiɗansa ya fara yawo a wayoyi kafin faifansa Houmeissa ya fito a 2019.

Abin dubawa a nan shi ne, ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa kaya ba sa rasa mai su. Yaya za mu mori gumin mutum shekara da shekaru, sannan mu jira baƙo ya zo ya faɗa mana sunansa? Laifin namu ne mu 'yan rediyo, kuma gyaran ba ya cin ko dala: a faɗi sunan makaɗi duk lokacin da aka saka kiɗansa.

Ku kuma 'yan uwa na Aflawo da Sinkase da Hilakonji, wanda yake da tsofaffin kaset a shago ko a adaka, kada ya bari zafi da laima su cinye su. A kawo mu juye su a kwamfuta, mu mayar wa mai su. Allah Ya ba da kasuwa.